Daga wuri zuwa kuɗi: yadda sunan ɗan ƙwanson teku ya zama sunan dukiya

A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Zuwa watan Fabrairun 2023 mutane suna wuni a layin banki, wasu kuma ga tsofaffin takardu a aljihu amma mai shago ya ƙi karɓa. A Nijar ma, tun da ƙasar ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso, maganar barin sefa ba ta daina tasowa ba. Duk lokacin da irin wannan ta taso, mutane kan tambayi kansu: me ke sa abu ya zama kuɗi, me kuma ke tuɓe masa wannan riga? Kakannin Hausawa sun taɓa ganin sauyin da ya fi waɗannan girma, kuma shaidarsa tana nan cikin kalmar da ake furtawa kullum a kasuwa. Kalmar "kuɗi" asalinta jam'i ce, tilonta kuwa "wuri".

## Wane wuri ake nufi?

A rubutun boko kalmomi uku ne ke da wannan siffa. Akwai wuri na zama, wanda jam'insa wurare. Akwai wuri na sammako, kamar a ce "ya zo da wuri". Sai na ukun, ɗan farin abin nan mai tsaga a ciki da ake gani a jikin kayan maharba da 'yan bori, ko a kitson matan Fulani. Bahaushe ba ya rikita su a magana, domin karin sautinsu ya bambanta: a na ukun murya kan sauka a gaɓar ƙarshe. Takarda ce kawai ke haɗa su.

Shi wannan wuri ƙwanson wata halittar ruwa ce, dangin dodon koɗi, mai rayuwa a ruwan gishiri mai ɗumi marar zurfi. Tsawonsa bai cika wuce gaɓar yatsa ba. Bayansa a ƙumbure yake, santsi kamar tangaran, cikinsa kuma da tsaga mai ƙananan haƙora. Akwai ire-irensa da yawa a tekunan duniya, amma biyu ne suka shiga tarihin kasuwancin Afirka ta Yamma. Na farko shi ne ƙarami, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna Cypraea moneta a 1758, wato na kuɗi, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldif yake fitowa, kudu maso yammacin Indiya. Na biyu ya ɗan fi girma, yana da zobe ruwan ɗorawa a bayansa, ana samunsa a gaɓar Afirka ta Gabas, musamman kewayen Zanzibar. Bambancin waɗannan biyun shi ne ya zo ya rusa darajar kuɗin baki ɗaya, kamar yadda za a gani.

Tsakanin Maldif da Kano akwai fiye da kilomita 7,000. Wato al'ummar da ba ta da gaɓar teku ko ɗaya ta yi kusan shekara 200 tana saye da sayarwa, tana biyan sadaki da haraji, da abin da ake tsamowa daga tekun da yawancinta ba su taɓa jin sunansa ba.

## Alamun da suka rage a nahawu

Wanda ya saurari maganar mutane da kyau zai ji cewa kalmar kuɗi ba ta gama mantawa da asalinta ba. Wasu kan ce "kuɗin ya ƙare", wasu kuma "kuɗin sun ƙare", kuma duka biyun Hausa ce. Na biyun shi ne tsohon yayi, daga lokacin da kuɗi ke nufin tarin wuri da ake zubewa a ƙasa a ƙirga. Da aka daina jin kalmar a matsayin jam'i sai aka ƙera mata sabon jam'i, aka samu "kuɗaɗe".

Furucin ma ya canja. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya iso Kano a 1851, kuma abin da ya ji ya rubuta shi ne "kurdi". Wannan "r" ta tsakiya ta faɗi a Hausar Kano, a wasu kare-karen yamma kuwa ta narke cikin harafin da ke binta, shi ya sa ake jin "kuɗɗi".

Ba Hausa kaɗai ba ce ta bi wannan hanya. A Fulatanci "ceede" na nufin kuɗi, kuma jam'in sunan wuri ne. A Yarabanci "owo" kuɗi ne, wuri kuma "owo eyo". Barebari na cewa "kungəna", Zabarmawa na cewa "nooru", duka sunayen da suka faro daga wuri suka koma kuɗi. Gana ta wuce nan: da ta bar fam a 1965 sai ta raɗa wa sabon kuɗinta suna sidi, daga kalmar Akan mai nufin wuri, har ta riƙa buga hotonsa a kan wasu sulallanta. Can nesa, a rubutun Sin, alamar da aka fara zanawa da siffar wuri tana cikin tsofaffin haruffan da ke nufin saye, sayarwa, dukiya, tsada, har da talauci.

Turanci kuwa daga Indiya ya samo tasa kalmar. "Cowrie" ta fito daga "kauri" ta harshen Hindi, ita kuma daga "kaparda" ta tsohon harshen Sanskirit, kuma ta shiga bakin Ingilishi a ƙarni na 17, lokacin da kamfanoninsu suka fara ciniki a can. Wani abin lura shi ne sunan tangaran a harsunan Turai, "porcelain", asalinsa sunan wuri ne a Italiyanci. Da suka ga kwanukan Sin masu sheƙi sai suka kamanta su da bayan wuri, sunan ya bi su.

## Daga ina Hausa ta samo tata kalmar?

Bayani uku ne ke iya zuwa wa mai bincike, kowanne da ƙarfinsa da rauninsa.

Na farko shi ne a ce "kuɗi" aro ce daga Indiya, tunda harafin tsakiyar "kauri" a bakin masu harshen yana kusa da "ɗ", har kalmar kan fito kamar "kauɗi". Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne kayan daga can suke, kuma suna yakan bi kaya. Rauninsa shi ne babu ciniki kai tsaye tsakanin Indiyawa da Hausawa a wancan zamani, kuma waɗanda suka tsaya a tsakani ba da wannan suna suke kiran abin ba. Larabawa "wada'u" suke cewa, Turawan Fotugal da suka fara kawo shi ta teku suna cewa "buzio", Yarabawa da Nufawa kuma suna da nasu sunan. Kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujja. In da yana zama, ai "koɗi" na dodon koɗi, wanda shi ma ƙwanso ne, ya fi kowace kalmar Indiya kama da kuɗi.

Na biyu shi ne a danganta "wuri" da "wada'u" ta Larabci. Hausa ta ari kalmomin ciniki da lissafi da yawa daga Larabci, irin su riba, miskali, ashirin da talatin, saboda haka ƙarin guda ba abin mamaki ba ne. Sai dai kalmomin aro na Larabci sukan riƙe kamanninsu har mai karatun allo ya gane su, kuma wannan bayani bai ce komai ba game da yadda aka yi jam'in ya fara da "k".

Na uku shi ne a ɗauki wuri da kurɗi a matsayin tsofaffin kalmomin gida, waɗanda aka ɗora wa baƙon abu da ya zo. Jam'in da ya saɓa wa tilonsa haka a cikin tsofaffin kalmomi aka fi samunsa: sa da shanu, mace da mata, akuya da awaki. Kalmar aro ta baya-bayan nan takan bi ƙa'ida mai sauƙi, kamar mota da motoci. Wannan hujja ta nahawu ita ce ta fi nauyi a cikin ukun, ko da yake tana bukatar a yarda cewa Hausawa sun san wuri, ko wani abu mai kama da shi, tun kafin ya zama abin ciniki. Wannan kuwa ba abu ne mai wuya ba, domin abin ado yakan riga kuɗi isowa.

## Ta arewa ko ta kudu?

Saɓanin da ya fi wannan shahara tsakanin masana tarihi shi ne hanyar da wuri ya bi ya iso.

Masu cewa ta Sahara suna da tsofaffin shaidu. Al-Bakri, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068, ya ambaci wuri cikin kayan da ake kai wa ƙasashen baƙar fata. A 1964 wani masani Bafaranshe, Théodore Monod, ya gano kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya tun wajen ƙarni na 11 ko na 12, sandunan tagulla da dubban wuri. Shaidar da ta fi kowacce daɗi ita ce ta Ibn Batuta, matafiyin nan ɗan Maroko, domin shi ya ga bakin zaren duka biyu. Ya zauna a Maldif wajen 1343, har ya yi alƙalanci, ya ga yadda ake tara wuri a rami har naman ya ruɓe a bar ƙwanson fari, ana sayar wa mutanen Bangal a karɓi shinkafa, ana kuma sayar wa Yamalawa su sa a gindin jiragensu a madadin yashi. A can, ya ce, wuri 400,000 ne dinari ɗaya. Bayan kimanin shekara goma ya je Mali da Gao, ya tarar ana canjin wuri 1,150 a dinari. Wanda ya auna waɗannan alƙaluma biyu zai gane abin da ya sa fatake suka jure wahalar ɗauko shi.

Masu cewa ta kudu ba su musanta wannan ba. Abin da suke cewa shi ne shaidun nan duk na yankin Mali da Songhai ne, can yamma da ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakunan birnin da abubuwan da suka faru a zamaninsu, ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa ne, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara zuwa ƙasar Hausa. Wannan lokaci ya yi daidai da lokacin da jiragen Turawa ke juye wuri a gaɓar Wida, cikin ƙasar Benin ta yau, da maƙwabtanta, yana hawowa ta ƙasar Oyo da Nufe. Borno ma, duk da tana bakin hanyar Sahara, ba ta karɓi wuri a matsayin kuɗi ba sai wajen 1848, zamanin Shehu Umar. Kafin nan da gabaga, wato ƙyallen saƙi, ake ciniki.

Ra'ayoyin biyu suna iya haɗuwa. Sahara ta kawo wuri kaɗan mai tsada, wanda ya isa ado da ƙaramin ciniki a wasu birane. Teku ce ta kawo yawan da zai isa a mayar da shi kuɗin kowa da kowa.

Wannan yawan kuwa yana da mummunan tarihi. Tun wajen 1515 Turawan Fotugal suka fara kawo wuri gaɓar Afirka ta Yamma, daga baya Holan da Ingila suka karɓe cinikin. Ana ɗauko shi daga Maldif ta Silon (Sri Lanka ta yau) da Bangal, a kai Amsterdam da Landan a yi gwanjonsa, sannan a sake lodawa zuwa Afirka. Babban abin da ake saye da shi mutane ne. Binciken Jan Hogendorn da Marion Johnson, wanda ya fito a 1986, ya ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 kaɗai Holan da Ingila sun kawo fiye da wuri biliyan 10. Kowane ƙwanso da ya iso kasuwar Kurmi ta kudu, akwai yiwuwar ya fara taka ƙasar Afirka ne a matsayin farashin bawa.

## Yadda ake ƙirga shi

A bakin teku akan huda wuri a shirya shi a zare. A ƙasar Hausa kuwa sake yake, sai an ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Barth ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa, cikin Nijar ta yau, aikin da sai da mutane da dama suka haɗu a kansa. Mai ƙirga yakan ja biyar-biyar da yatsu, ya tara su tsibi-tsibi. Daga nan aka samu kalmomin lissafi na musamman: hauya ashirin ce, zangu ɗari, zambar kuma ta dubbai ce, kamar zambar goma, wato 10,000. Keso, buhun tabarma, yana cin 20,000, kuma shi ne kimanin kayan mutum ɗaya, kilo ashirin da 'yan kai in ƙaramin wuri ne.

Alƙaluman Barth na Kano suna nuna girman tattalin arzikin da ke tafiya a kan wannan ƙwanso. Wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya. Magidanci na biyan kuɗin ƙasa 2,500, marina na biyan 700 a kan kowace karofi. Barth ya ƙiyasta cewa iyali na iya rayuwa cikin wadata da 50,000 zuwa 60,000 a shekara, kuma tufafin da Kano ke fitarwa sun kai aƙalla miliyan 300 a shekara.

Wuri yana da siffofin da suka dace da kasuwar talaka. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, maƙeri ba ya iya ƙera jabunsa. Mafi muhimmanci, ƙanƙantar darajarsa ta sa ana iya sayen abu komai ƙanƙantarsa: ɗan gishiri, ƙullin daddawa, ɓarin goro. Matsalarsa tana wajen babban ciniki da doguwar tafiya. Baturen Ingila Charles Robinson, wanda ya zo Kano a tsakiyar shekarun 1890, ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya suka kasa sayarwa, domin kuɗinsa sai an ɗauki 'yan dako goma sha biyar, ladansu kuma zai cinye kuɗin har ya nemi ƙari. Shi ya sa manyan fatake suka fi riƙe dukiyarsu a tufafi, dalar azurfa, dabbobi da bayi.

## Abin da ya karya shi

Darajar wuri ta dogara ne ga wahalar samunsa. Wajen 1845 'yan kasuwar Hamburg ta Jamus suka gwada kawo na Zanzibar, mai zobe, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma jirgi na iya ɗauko shi kai tsaye ba tare da ya bi ta Turai ba. Kasuwannin bakin teku suka karɓe shi, musamman a cinikin manja. Cikin shekara ashirin Jamusawa da Faransawa suka juye tan dubbai. Farashi ya tashi, ya fara daga Legas da Wida ya hauro arewa. Dalar da matafiyin Birtaniya Clapperton ya tarar a wuri 2,000 a Kano a 1824, Barth ya same ta a 2,500, kafin ƙarshen ƙarnin ta kai wajen 5,000. Ga kuma sabon wurin ya fi tsohon nauyi, wato darajar ta ragu, dakon ya ƙaru.

Turawan mulki sun tarar da shi a raunane, suka ƙarasa shi da doka. A 1904 aka hana shigo da wuri Najeriya. Sannu a hankali aka mayar da haraji da albashi zuwa sulalla, a ɓangaren Faransa ma baitulmali ya daina karɓarsa. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Don a maye gurbin wuri a ƙaramin ciniki aka fito da anini, mai huda a tsakiya da rubutun Larabci, wanda goma ne kwabo ɗaya. Lissafin wuri bai tafi ba duk da haka. Rabin kwabo "ɗari" aka riƙa kiransa, domin abin da yake ci ke nan na wuri.

## Wa ya ɗauki nauyin sauyin?

Wanda dukiyarsa ke cikin shanu, gona ko tufafi bai yi asara sosai ba, farashi kawai ya sauya suna. Wanda ya tara wuri a rumbu ko a tukunya ƙarƙashin ƙasa shi ya ga tanadinsa yana narkewa. Manomi kuma ya shiga tsaka mai wuya: a kasuwar ƙauye da wuri ake biyansa, mai karɓar haraji kuwa sule yake so. Dole ya bi ta hannun 'yan canji, waɗanda sukan tsuke farashi daidai lokacin haraji, ko ya noma abin da kamfanonin Turawa ke saye da sulalla, irin su gyaɗa da auduga, ko ya tafi cin rani.

Mata masu ƙaramar sana'a a cikin gida su ne suka fi riƙe wuri, da dalilinsu. In rabin kwabo ɗari ne, anini ashirin ke nan, alhali akwai kayan da ake sayarwa wuri biyar ko goma. Ƙaramin sulallan Bature ya yi wa cinikinsu girma. Shi ya sa wuri ya ci gaba da yawo a kasuwannin karkara shekaru da dama bayan hukuma ta juya masa baya, a wasu sassan Burkina Faso da arewacin Gana ma har shekarun 1940.

Wannan matsala ta ƙaramin canji ita ce ta fi kama da abin da mai saye ke gani yau. A Najeriya sulalla sun ɓace daga hannun jama'a, naira 5 da 10 kusan ba sa sayen komai, saboda haka in farashi zai motsa sai ya yi tsalle da hamsin ko ɗari, kuma mai sayen ƙulli-ƙulli shi ya fi jin tsallen. Duk wani sabon tsarin kuɗi da za a kawo, ko sauyin takarda, ko sabon kuɗin yanki, ko tura mutane ga biya ta waya, tambayoyin da suka taso a zamanin wuri za su sake tasowa: wa'adin nawa aka ba mai tsohon kuɗi, a wane farashi za a canja masa, ina wurin canjin yake daga ƙauyensa, kuma akwai abin da zai ba da canjin ƙosai?

Shi kansa wurin ya koma inda ya fara, wato ado da asiri. Yana jikin rigunan maharba da 'yan tauri, yana hannun masu duba, ana ɗinka shi a jikin ƙwarya da jakar fata don masu yawon buɗe ido. A Legas an sa wa katin biyan kuɗin motar haya ta gwamnati sunansa na Turanci. A bakin 'yan kasuwar arewa kuma har yanzu in ana maganar jarin da ke haihuwa akan ce wuri na gugar wuri.